Tsohuwar Land Cruiser ko sabuwa: yadda zaka zaɓi wadda zaka haɗa ta shiga daji da rairayi

Ɗan uwa in ka yi niyyar sayen jif da zaka ɗaga ta, ka sa mata manyan tayoyi da ƙarfen gaba ka riƙa shiga da ita inda kwalta ta ƙare, to kafin ka tambayi shekarar da aka ƙera ta fara tambayar kanka ina zata lalace maka, kuma waye zai gyara ta a wurin. Don ko wacce ka saya wata rana sai ta tsaya. Wanda tafiyarsa Abuja zuwa Kaduna ce sai ƙarshen sati ya leƙa gona, lissafinsa daban da na wanda zai hau Mambila da damina ko ya tashi daga Agadez ya nufi Dirkou. Zan yi maganar a kan Land Cruiser saboda ita ce ta cika mana hanyoyi, tun daga Kano har Nijar da Chadi, kuma kayanta ne zaka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba tare da ka jira a turo daga waje ba.

Bari mu fara sanin su waye a gidan. Samfurin 80 an yi ta daga 1990 zuwa 1997. Sai 100 ta karɓa daga 1998 zuwa 2007, sai 200 daga 2007 zuwa 2021, sai 300 da ake yayi yanzu. A gefe guda akwai dangin 70 da aka fara a 1984 kuma har yau ana ƙera su, su ne 78 mai dogon jiki da ake ɗaukar ma'aikatan lafiya, da 79 mai buɗaɗɗen baya, da 76 mai ƙofa biyar. Sannan akwai wata da mutane da yawa basu san bambancinta ba, wato 105, jikinta irin na 100 ne amma ƙarƙashinta na 80 ne, an sayar da ita a Afirka da Ostareliya. Ka riƙe sunan nan don zamu dawo kanta.

Abu na farko da zaka durƙusa ka duba shi ne ƙafar gaba, don a nan ne tsoho da sabo suka rabu. 80 da 105 da dangin 70 aksul ɗinsu na gaba sanda ɗaya ne miƙaƙƙe daga wannan taya zuwa waccan, in taya ɗaya ta hau dutse ɗayar sai ta danna ƙasa, kaga tayoyin suna nan suna kama ƙasa kenan. Ita kuwa 100 da 200 da 300 da duk Prado daga samfurin 90 zuwa sama, kowace tayar gaba da hannunta daban, wannan shi ya sa suke da daɗi a kwalta basa girgiza ka, amma a rami mai zurfi taya ɗaya sai ta ɗaga sama tana juyi a iska.

To me wannan ya shafi haɗi? Ya shafe shi sosai. Mai aksul miƙaƙƙe ɗaga ta ba wuya, ka canza sifirin huɗu da shokozoba huɗu ka samu inci 2, 80 kuma da inci 2 tana ɗaukar taya 285/75R16, wato kusan inci 33, ba tare da an yanka komai ba. Sai dai ko a nan ɗin akwai abin da bakanike mai gaggawa yake tsallakewa: in ka ɗaga ta kwanciyar aksul ɗin gaba tana canzawa, sitiyari ya riƙa yawo a hannunka baya dawowa tsakiya da kansa, dole a sa bushin ko faranti na gyara wannan kwanciyar. Sannan a duba tiyon burki ko ya yi gajarta in ƙafa ta sauka duka, kuma a baya akwai wani bawul mai raba ƙarfin burki gwargwadon nauyin kaya, shi ma sai an sake saita shi in ba haka ba motar zata ɗauka ba kaya a kanta ta rage wa tayoyin baya burki. Duk wannan aikin sifana ne da ido, ba kwamfuta.

Mai hannu daban-daban kuwa iyakarta kusan inci 2 ne, in ka wuce haka shaf ɗin gaba zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, giris ya watse, ƙasa ta shiga, ba jimawa ka fara jin ƙas-ƙas in ka sha kwana. A 100 ƙafar gaba a kan wasu dogayen sanduna masu murɗawa take zaune, wasu sai su ɗaure su kawai motar ta tashi su ce an ɗaga, eh ta tashi amma ƙafar ta rasa wurin sauka, duk ramin da ka faɗa sai ka ji duka. Kuma hannun ƙasa na 100 an san shi da tsagewa wajen da sandar take kamawa in an ɗora ƙarfen gaba mai nauyi ana dukan hanya da shi, shi ya sa ake sayar da farantin ƙarfafa wurin. In kuma LX470 ce, wato 100 mai sunan Lexus, ko 100 mai ƙafar haidirolik wadda ake danna maɓalli ta tashi ta sauka, to ka sani tana da daɗi ƙwarai amma in tulunan gas na haidirolik ɗin suka mutu ko famfon ya tsaya a daji zata zauna a ƙasa ne, shi ya sa yawancin masu shiga nesa suke cire tsarin gaba ɗaya su mayar da sifirin da shok na gargajiya. Sa kuɗin wannan a lissafinka tun kafin ka yi ciniki.

Yanzu injin, kuma a nan zan daɗe don nan ne kuɗin mutane yake ƙonewa.

Na farko shi ne injin 1HZ, dizal mai silinda 6, lita 4.2, ba turbo. Ƙarfinsa kusan doki 130 ne kacal a mota mai nauyin sama da tan 2, saboda haka maganar gudu babu ita, a hawan tsauni zaka riƙa sauko da giya kana haƙuri. Amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da birain bokis, in mai ya zo da datti ko ɗan ruwa sau da yawa tace mai da wanke nozil ya wadatar, kuma da wuya ka shiga garin da ake gyaran manyan motoci ka rasa wanda ya taɓa buɗe shi. Shi ya sa har yanzu ake kawo 78 da 79 da shi Afirka alhali ƙasashen Turai sun daɗe da barinsa saboda dokar hayaƙi. Abin da yake so a wajenka kaɗan ne: baƙin mai a kan lokaci, bel ɗin taimin a canza wajen kilomita 100,000, kar ka bari ya yi zafi. Dan Allah kuma kar ka saye shi da niyyar manna masa turbo ka buɗe masa mai, fistin ɗinsa ba a yi su don wannan zafin ba, in turbo kake so nemi wanda aka haifa da shi, wato 1HD-T ko 1HD-FT da ya fito a 1995. In 1HD-T ne ka sa a canza metal ɗin ƙasa na kon rod da zarar ka saya, an san shi da cinye su, kuma kuɗin canjin bai kai kuɗin injin ba.

A wajen fetur akwai 1FZ-FE mai lita 4.5, silinda 6, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, injin ne mai jure wahala, kuma duk 80 da ta fito daga Amurka fetur ce mai giyar otomatik, daga 1993 zuwa sama wannan injin ne a ciki, har da LX450, wato 80 mai sunan Lexus. Matsalarsa sha. Lita 18 zuwa 20 a kilomita 100 ba abin mamaki bane, in ka ƙara manyan tayoyi da kaya a rufi sai abin da ya ƙaru, a rairayi kuwa ba'a magana. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023 wannan lissafin ya zama dole ka yi shi da biro da takarda. Ka kuma duba gasket ɗin kai, da wani ɗan guntun tiyon ruwa da yake ɓoye a bayan injin ta gefen direba, yana tsufa ya fashe ba wanda ya gan shi sai allura ta tashi.

100 ta zo da 2UZ-FE, V8 mai lita 4.7, shi ma injin kirki ne mai tsawon rai, bel ɗin taimin gare shi, kuma kik ɗinsa a tsakiyar injin yake ƙarƙashin manifol, saboda haka ranar da ya mutu ba aikin bakin hanya bane na minti goma. Dizal ɗinta 1HD-FTE, mutane da yawa suna ganin shi ne mafi kyawun silinda 6 da kamfanin ya yi, ni ma haka nake gani, sai dai famfonsa ya riga ya shiga hannun kwamfuta.

Sai 200 da 1VD-FTV, V8 dizal lita 4.5 mai turbo biyu, yana bada ƙarfin juyi har 650 Nm, in ka taka ta a rairayi zaka ji kamar ba komai a ƙarƙashinta. Amma irin wannan injin yana tura mai ne da matsi mai tsananin gaske da ya haura 1,500 a ma'aunin bar, injektocinsa ramukansu sirara ne ƙwarai, ruwa kaɗan ko ƙura a cikin dizal ya isa ya kashe famfo da injekta takwas a lokaci guda. Kai kuma ka san irin man da ake samu a jarka in ka yi nisa da gari. In dole ita zaka saya, abu na farko kafin taya kafin komai shi ne ƙarin filtar mai mai raba ruwa, kuma ka riƙa tafiya da filtoci na safaya da ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota. Ka kuma lura alternato ɗinta a ƙasa yake sosai, laka da ruwa suna samunsa da wuri. In da za'a bar ni in zaɓa wa mai shiga ƙauyuka 200, mai fetur zan zaɓa, ko V6 lita 4.0 ko V8 lita 4.6, sun fi yafiya in mai ya ɓaci.

Kar ka ɗauka ina kushe sababbin ne. Suna da abin da tsohuwa bazata taɓa baka ba: jakunkunan iska na kariya ta ko'ina, burki mai kyau, na'urar hana santsi, AC mai sanyaya har kujerar baya, ga shiru a ciki. Kuma gaskiya yawancin tafiyar mu kashi mafi yawa kwalta ce, haɗarin da yake kashe mutane ma a kwalta yake faruwa ba a cikin laka ba. In iyalinka zaka riƙa ɗauka, wannan magana ce mai nauyi. Sannan na'urar 200 da take riƙe tayar da ke juyi a banza ta tura ƙarfi ga mai kama ƙasa tana aiki sosai, direban da bai ƙware ba zai wuce wurin da da tsohuwa sai ya maƙale. Sai dai duk wannan a kan sensa yake tafiya, sensa ɗaya ta taya in laka ta tsinke wayarta sai fitilu su cika dashbod tsarin ya kashe kansa. Haka kuma in zaka sa mata ƙarfen gaba dole ya zama wanda aka ƙera don ita, wanda bazai hana jakar iska fashewa a kan lokaci ba kuma bazai rufe rada da kyamara ba, ba wanda mai walda zai auna da ido ya haɗa ba. Na kamfanoni irin su ARB da Ironman akwai su amma da dala ake lissafinsu. In tana da KDSS, wato tsarin haidirolik da yake sassauta sandar daidaito in an shiga gargada, sai an buɗe bawul ɗinsa kafin a taɓa ƙafa, in ba haka ba motar zata fito a karkace.

Tsohuwa kuma nata ciwon shekaru ne. 80 mafi ƙuruciya yanzu ta doshi shekara 30, duk wata roba da ke jikinta ta gaji, ga wayoyi da rewaya goma suka taɓa. Saboda haka ranar dubawa ka je da kayan da baka jin tsoron su yi datti, da tocila da ƙaramar guduma. Shiga ƙarƙashi ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen baya kusa da tanki da inda sifirin yake zama, ƙarfe mai lafiya ƙararsa tsaf take fita, wanda tsatsa ta ci daga ciki zaka ji ta a dushe har ɓawo ya zubo maka a fuska. In ka ga an shafe shasin da baƙin fenti sabo fil, tambayi dalili. Motocin da suka zauna a jihohin Amurka masu zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, da waɗanda suka daɗe a bakin teku, su suka fi wannan ciwon, na ƙasashen Larabawa kuwa shasinsu yakan zo da tsabta kuma sau da yawa da tanki biyu, a 80 lita 95 da ƙarin 50.

Daga nan ka leƙa bayan tayar gaba, akwai wani ƙarfe mai kamar ƙwallo a ƙarshen aksul. In ka gan shi da ɗan maiƙon giris ba komai, amma in ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa yana gangarowa har kan taya, to sil ɗin ciki ya mutu man aksul ya haɗu da giris, sai an kwance wurin duka an canza boris da sil. Ba tsada can ba amma ka rage a ciniki. Sai ka nemi fili mai ƙasa ka sa ogzilare, wato giyar ƙarfi ta shiga laka da rairayi, ka ji ta shiga ta fita ba gardama, in tana da makullin dif na gaba da baya, wato abin da yake sa tayoyin aksul ɗaya su juya tare, wani ɗan maɓalli ne mai murɗawa kusa da sitiyari, ka murɗa ka ga fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya. 80 mai makullai uku na asali, wato na gaba da na tsakiya da na baya, tana da daraja ta musamman, don sa su daga baya kuɗi ne mai yawa. Ka tayar da injin da safe yana sanyi da hannunka, kar ka yarda a ɗumama maka shi kafin ka iso, ka buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa yana kumfa.

Takardu kuma kar ka yi wasa. Kwastam suna da iyakar shekarun motar da za'a shigo da ita Najeriya kuma 80 ta wuce wannan iyakar tuni, saboda haka wadda take cikin ƙasa da takardun fito na gaskiya zaka nema, ka haɗa lambar shasi da ta injin da abin da ke rubuce. Ka guji mai sitiyarin dama da aka mayar hagu, irin na Japan da Ostareliya, don aikin juyawar a kan sitiyari da burki ake yinsa kuma ba kowa yake yinsa da kyau ba. In 79 ce ka saya kar ka yi mata fenti mai kama da na jami'an tsaro, ka san halin da hanyoyinmu suke ciki.

To wacce kenan? Ga yadda nake gani. In aikinka nesa ne, rairayin Yusufari ko arewacin Nijar ko lakar firgi ta Borno da damina, inda bakaniken da ke kusa sifana da guduma kawai gare shi, nemi 105 mai 1HZ, in baka samu ba 80 mai lafiya, in kuma kaya ne suka fi yawa 79 ko 78. Ita 105 ta haɗa maka ƙafar 80 da jiki mai faɗi da ƙarancin shekaru, ka dai tuna wilinta mai ƙusa 5 ne na 80 mai 6, basa shiga juna. In kuma kwana biyar kana gari kwana biyu a gona, da yara a baya, 100 mai V8 ko 200 ko ma Prado 120 ko 150 sun ishe ka, ka ɗaga inci 2 ka sa taya mai kyau da farantin kare ƙarƙashi ka tsaya nan. A 100 ka fi karkata ga ta 2000 zuwa sama don dif ɗin gaba na shekaru biyun farko ya fi rauni. 300 kuwa ni bana ba kowa shawarar ya fara yanka ta da walda tana cikin garanti. Nissan Patrol Y61 ma mai aksul miƙaƙƙe ce gaba da baya kuma ƙarfinta ba wasa ba, kawai ka fara zagaya kasuwar kayan gyara ta garinku ka ga ko zaka riƙa samun kayanta.

Duk wadda ka ɗauka kar ka zuba kuɗinka duka a sayen mota, ka ware kaso mai kauri na mayar da ita lafiya kafin kwalliya. Fara da ruwa: lagireto, tiyo duka, famfon ruwa, kulochin fanka, kuma ka mayar da tamostat in an cire shi. Sai mai na ko'ina, injin da giya da ogzilare da aksul biyu. Sai burki da boris da bushin da tayarod. Bayan nan taya, don taya mai kyau ta fi duk wani ƙarfe da zaka ɗaura amfani, ka sayi biyar iri ɗaya har safaya, ka tuna in ka tashi daga 275/70R16 zuwa 285/75R16 agogon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da gudunka da kusan kashi 5 cikin 100, mota kuma zata ɗan yi nauyin tashi. Inci 35 sai an canza haƙoran dif, ga 1HZ kuwa wahalar da shi kawai zaka yi.

Sifirin shi ne kusan na ƙarshe, saboda sai ka san nauyin da zaka ɗora kafin ka zaɓe shi. Ƙarfen gaba da winci da batir na biyu da ƙarin tanki da jarkokin ruwa, kafin ka ankara ka cinye ɗaruruwan kilo daga abin da aka yarda motar ta ɗauka tun mutane basu shiga ba, kuma kayan da ka ɗora a rufi su suke kifar da mota a gangaren rairayi, masu nauyi a ƙasa ake sa su tsakanin tayoyi. Bututun iska na sama yana da amfani don ƙura ta fi yawa a ƙasa, amma bai mayar da motar kwalekwale ba, sai ka ɗaga tiyon numfashin aksul da na giya su ma in zaka riƙa ratsa ruwa. Sannan ka sayi abin auna iska da famfon taya mai aiki da batir da shebur da igiyar ja mai kyau, in ka iso rairayi ka sauke iska zuwa wajen 16 ko 18 a ma'aunin psi, ka tafi a hankali ba kwana mai kaifi don kar taya ta fita daga wili, in ka koma kwalta ka tsaya ka mayar da iskar kafin ka ƙara gudu.